Mudun da Ba a Gani

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ranar ƙarshen zangon karatu, riƙe da takardar sakamako, ya san irin shirun da ke sauka kafin a fara kiran sunaye. Na ɗaya ya miƙe ana tafa masa, na biyu ya biyo baya, har a gangara ga wanda sunansa ke can gindin takarda, shi kuwa kansa a sunkuye. Na kusa shekara 20 ina koyar da Faransanci da Hausa, kuma har yau jera ƴaƴan mutane bai zame mini abu mai sauƙi ba. Sai dai abin da ke kwantar mini da hankali shi ne ana iya tuhumata. Ɗalibi kan zo da takardarsa ya ce: “Malam, ka manta maki biyu a nan,” mu zauna mu sake ƙidaya tare, in kuskurena ne in gyara. Jerin da nake son mu tattauna a kansa yau na dabam ne: ba mutum ke kiran sunayen ba, ba kuma inda za a kai ƙara.

Ina neman afuwar mai karatu tun da wuri, domin misalin da na zaɓa yana daga abubuwan da ba a cika ambatonsu a zauren manya ba. Akwai dandaloli a intanet inda mutane, akasarinsu mata, ke zama gaban kyamarar kwamfuta suna nuna tsiraicinsu kai tsaye ga masu kallo, waɗanda ke biyan kuɗi. Sana’ar ta bunƙasa tun farkon shekarun 2000, kuma a yau ƙasashen Kolombiya da Romaniya suna cikin manyan cibiyoyinta. Ban zo in wanke ta ba, ban kuma zo in yi wa’azi a kanta ba. Masu wa’azi sun fi ni sanin aikinsu. Na zaɓe ta ne saboda a nan ne wata tambaya ta zamaninmu ta fito fili, ba tare da lulluɓin da take samu a wasu wurare ba. Tambayar ita ce: idan na’ura ce ke yanke hukuncin wanda za a gani da wanda za a ɓoye, kuma abincin mutum ya rataya a kan ganin nan, wa ke ɗauke da alhakin?

Mu fara da yadda abin yake. Mai buɗe irin wannan dandali yakan tarar da ƙananan hotuna jere kamar tagogi, kowace taga ɗakin mace ɗaya. A manyan dandalolin, ɗakunan da ke buɗe a lokaci guda sukan kai dubbai, fuskar waya ko ta kwamfuta kuwa kaɗan take iya nunawa. Mai kallo, kamar kowane mai shiga kasuwa, yakan tsaya a rumfunan bakin ƙofa. Kaɗan ne ke da haƙurin kutsawa har lungun ƙarshe. Galibi shiga kyauta ce, kuɗin yana zuwa ne ta hanyar wasu kwabbai na dandalin, waɗanda mai kallo ke saye ya riƙa jefawa kamar yadda ake yi wa mawaƙi liƙi. A dandalin Chaturbate, wanda aka buɗe a 2011, kowane kwabo yana kawo wa mai ɗakin santi 5 na dalar Amurka, wato kusan sefa 30, alhali mai saye ya biya fiye da haka, ragowar ta dandali ce. Wadda ke sahun gaba tana iya tara dubban idanu, wadda ke shafi na goma tana iya kwana tana yi wa kyamara murmushi ba kowa.

Wa ke raba rumfunan? Wani lissafi ne da ake kira algoritim. Kalmar ma tana da tarihin da ya kamata malamai su sani: ta samo asali daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda Turawa suka karkata sunansa lokacin da suka fassara ayyukansa zuwa Latin. Ma’anarta ba ta wuce jerin matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya don a kai ga amsa ba, kamar yadda muke koya wa yara rabawa a allo. A dandalin MyFreeCams kowace mace tana da maki da ake kira CamScore, wanda ya dogara galibi a kan yawan kwabban da ta tara idan an gwada da tsawon lokacin da ta yi gaban kyamara, kuma shi ke tsaida matsayinta a shafin farko. A Chaturbate yawan masu kallon da ke ɗakin yana da nauyi babba wajen jerin. Amma cikakken lissafin, da nauyin da aka ba kowane abu, da ranar da za a sauya shi, duk sirrin kamfani ne.

Masu dandalolin suna da amsa a shirye, kuma amsar ba ta wauta ba ce. Sukan ce su madubi ne kawai: abin da jama’a ke so shi ke hawa sama, abin da ba sa so shi ke nutsewa, lissafi kuwa ba ya da ƴar uwa balle kishiya. Da a ce haka ne, da magana ta ƙare. To amma a dubi yadda igiyar ta zagayo. Ana sa mace a sahun gaba domin tana da masu kallo, tana kuma samun masu kallo domin tana sahun gaba. Wadda ta yi sa’ar daren farko sai a ɗaga ta, ɗagawar ta jawo mata idanu, idanun su ƙara ɗaga ta. Wadda ta fara da dare maras kasuwa sai makinta ya faɗi, faɗuwar ta ɓoye ta, ɓoyewar ta ƙara kada makin. A 1968 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Robert Merton, ya bayyana irin wannan a tsakanin masana kimiyya, inda wanda ya riga ya yi suna ke kwashe yabon aikin da ƙanana suka yi daidai da nasa. Bahaushe ya riga shi taƙaita zancen da ya ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Madubi ba ya ƙara wa fuska ƙiba don an dube shi sau da yawa, wannan lissafi kuwa yana ƙera abin da yake da’awar yana aunawa.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, musamman a gare mu baƙar fata. A 2015 wata masaniyar zamantakewa ta Amurka, Angela Jones, ta wallafa binciken da ta yi a kan wani babban dandali mai amfani da irin wannan maki, inda ta gano cewa mata baƙar fata sun fi taruwa a ƙasan jeri, har ta sa wa maƙalarta take mai nuna cewa mai nemansu sai ya gangara ƙasa. Babu buƙatar wani injiniya ya rubuta wa na’ura cewa ta ƙi baƙi. Ya isa a ce masu kuɗin sun zo da son zuciyar da suka gada daga tarihin ƙasashensu, lissafi ya karɓe shi ya mai da shi lamba, lambar ta zama matsayi, matsayin kuma ya koma yana koya wa sabon mai kallo cewa waɗannan su ne na gaba, waɗancan su ne na baya. Wariyar da ke bakin mutum ana iya kunyata mai ita. Idan ta rikiɗe ta zama maki, sai ta sami rigar gaskiya, har wadda aka zalunta ta fara zargin kanta.

Daga nan sai mu duba abin da jerin ke yi wa halin mutum. Masu bincike biyu na Jami’ar Amstadam, Niels van Doorn da Olav Velthuis, sun bi tattaunawar da masu wannan sana’a ke yi a tsakaninsu, suka wallafa sakamako a 2018 da 2020. Abin da ya fito shi ne gasa ce wadda ƴan ƙalilan ke kwashe kaso mafi tsoka, sauran kuwa suna ta hasashen abin da lissafin ke so, suna kuma zargin wasu da cika ɗakunansu da masu kallon bogi don su hau sama. Ba sai mutum ya yi dogon nazari ba kafin ya hango inda wannan hanya ta nufa. In maki yana faɗuwa a duk sa’ar da ba a jefa kwabo ba, to mace za ta ji tsoron shiru, ta nemi abin da zai sa a jefa. In abin da ya fi tsanani shi ya fi tara jama’a, to iyakar da ta shata wa kanta jiya za ta matsa yau. Ba wanda ya ba ta umurni da baki, amma an gina mata gangare, an ce ta tsaya da ƙafafunta in ta iya.

A Kolombiya abin ya ƙara wani hawa. Da yawa daga matan ba su da kwamfuta mai ƙarfi, ko intanet mai sauri, ko ɗakin da za su keɓe, saboda haka sukan shiga gidajen da ake kira situdiyo, inda mai gida ke ba da kayan aiki ya yanki rabonsa daga abin da dandali ya rage. A watan Disamba na 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan irin waɗannan gidaje a biranen Bogota da Medelin da Kali da Palmira. Matan sun ba da labarin ɗakuna ƙanana marasa tsabta, da zama gaban kyamara na dogon lokaci ba hutu, da tarar da ake yanka musu idan sun tashi cin abinci ko zagayawa, da matsin lamba su yi abin da ba su yarda da shi ba. Sau da yawa kuma asusun da mace ke aiki da shi yana hannun mai situdiyo, ta yadda in ta tafi sai ta bar mabiyanta da matsayin da ta yi shekaru tana ginawa, ta koma gindin jeri. Nan ne makin ya zama mari a ƙafa. Kafin wannan rahoto, a 2021, Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta yanke hukunci a shari’ar wata da aka sallama tana da ciki, ta ce dangantakarta da situdiyo ta ma’aikaci da ubangida ce, kuma tana da haƙƙin da doka ta ba ma’aikata.

Na san abin da wani abokin aikina zai ce, domin an faɗa mini shi a ɗakin malamai: “Malam, mene ne namu a ciki? Wadda ta zaɓi wannan hanya ai ta sayi abin da ta samu.” Amsata tana kasuwar hatsi. Tun muna yara aka koya mana cewa tauye mudu laifi ne, kuma ba a taɓa ce mana laifin yana raguwa idan mai sayen mutumin banza ne ba. Ɗan awon da ya danne gindin tiya ga wanda yake ganin fasiƙi, ɓarawo ne kamar wanda ya danne wa liman. Adalcin awo haƙƙi ne da ke wuyan mai riƙe da mudu, ba lada ce da ake ba mai saye saboda kyan halinsa ba. In muka yarda cewa akwai mutanen da ya halatta a cuta saboda muna ƙyamar aikinsu, to mun ba kowane macuci mabuɗi, domin ba zai rasa dalilin ƙyamar wanda yake son cuta ba. Ban da haka, kalmar zaɓi tana da nauyi daban a bakin mai albashi da bakin uwar da kuɗin haya ya taso mata.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Mai ita zai ce: in ka gyara mudun, ka gyara kasuwar; in ka sa jerin ya yi adalci, ka sa sana’ar ta yi daɗin shiga, alhali abin da ya dace shi ne ta mutu. Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na tsaya a kai shi ne ɓoyayyen ma’auni ba ya rage sana’ar ko da taƙi ɗaya. Shi ne ma ke hura mata wuta, domin shi ke tsawaita sa’o’i, shi ke tura mutane ga abin da ya fi muni, shi ke ɗaure wadda ke son fita. Mai fatan ganin mata sun bar wannan aiki ya kamata ya fi kowa ƙin tsarin da ke hana su tara abin da za su fita da shi. Wahalar da matan ke sha ba ta taɓa rufe dandali ko ɗaya ba, riba take ƙara wa masu shi.

Tarihinmu ma yana da abin cewa a nan. Garuruwan Hausa sun san matan da ke zaman kansu tun kafin zuwan Bature, kuma ba a bar su ba shugaba ba. A Maraɗi Iya ce, daga gidan sarauta, ke shugabancinsu tare da ƴan bori. A Tsibirin Gobir Inna ce. A wasu garuruwa da dama magajiya. Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne, domin shugabar tana da nata rabo, tana kuma iya son kai. Amma tana da suna, tana da ƙofar gida, ana iya durƙusawa gabanta a yi kuka, in ta yi zalunci gari ya sani. Abin da ya bambanta sabon tsari shi ne ikon ya ƙaru, fuskar ta ɓace. Mai situdiyo ya ce dandali ne, dandali ya ce lissafi ne, lissafi kuwa ba ya da bakin amsawa. Alhali mutane ne suka zauna suka zaɓi abin da za a ƙidaya: su suka ce a auna kuɗin sa’a, ba a auna hutu ba, su suka ce a fifita cunkoso, ba a ba sabuwa rabonta na gani ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ke karɓar kaso daga kowane kwabo ba shi da damar cewa abin da ke faruwa a ɗakin bai shafe shi ba.

Gaskiya ne dole a yi jeri. Dubban tagogi ba sa shiga fuska ɗaya, ko an ƙi ko an so wani zai riga wani. Saboda haka abin nema shi ne jerin da za a iya tuhuma, kuma sharuɗɗansa ba su fi waɗanda kowane malamin kirki ke bi ba: a faɗi abin da ake aunawa tun kafin jarrabawa, kada a sauya ƙa’ida a ɓoye, a buɗe ƙofar ƙorafi ga mutum mai rai, kuma abin da mutum ya tara da guminsa ya bi shi in ya tashi. Tarayyar Turai ta fara taka wannan hanya. Dokarta ta ayyukan intanet, wadda aka zartar a 2022 ta kuma fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024, ta wajabta wa dandaloli su bayyana cikin harshe mai sauƙi manyan abubuwan da lissafinsu ke dubawa wajen jera abin da suke nunawa. A 2024 kuma ta zartar da wata doka a kan masu aiki ta dandaloli, wadda aka tsara musamman da direbobi da masu kai saƙo a zuciya, ta ce hukunci mai nauyi kamar rufe asusun ma’aikaci sai mutum ya yanke shi. Doka a takarda ba ta cika tumbi, amma ta rushe da’awar cewa lissafi ƙaddara ce da ba a taɓawa.

Saura mai kallo, wanda ya fi kowa son a manta da shi. Yana ganin kansa baƙo ne mai wucewa, alhali kowane dannawa da ya yi ƙuri’a ce da ake ƙidayawa, kowane minti da ya tsaya yana ɗaga wata yana danne wata. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan zamani an mai da idon kansa mudu, ana awo da shi ba tare da mai shi ya sani ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Lissafin da ke jera matan Medelin ɗan’uwan wanda ke jera bidiyon ƴaƴanmu ne a TikTok da YouTube da Facebook. Matashin mawaƙi a Damagaram, da mai sayar da turare a Tawa, da ɗalibata da ke ƙirga masu son hotonta, duk sun fara koyon darasi ɗaya: abin da ya fi tada ƙura shi ake gani, wanda ba a gani kuwa kamar babu shi. Bambancin kaya ne kawai, mudun iri ɗaya ne, kuma in ba mu koya wa yara tambayar wa ya ƙera shi ba, za su ɗauka matsayin da ya ba su shi ne darajarsu.

Wannan nazari ya sa na koma na dubi ajina, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Ɗalibaina sun haura 70. Na lura waɗanda suka zo na farko a zangon da ya wuce su ke zama a teburan gaba, su nake gani in na ɗaga kai daga littafi, su nake kira allo, su kuma ke sake zuwa na farko. Na bayan aji na san sunayensu a takarda, muryoyin wasunsu kuwa sai in yi wata ban ji ba. Ashe igiyar da na zargi kamfanonin ƙetare da ita tana zagaye a ɗakina, da hannuna. Tun daga lokacin nake juya wuraren zama kowane mako biyu, nake kuma fara tambaya daga layin ƙarshe. Ina roƙon ƴan’uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na al’adu, a aji ne ko a dandalin wasan kwaikwayo ko a gasar waƙa, duk wanda aka damƙa wa mudu ya riƙe shi a fili inda kowa zai gani, ya kuma yarda a tambaye shi yadda ya auna.